Maƙwabci Kafin Gida: Nasiha Ga Ɗan Uwa Mai Niyyar Sayen Muhalli

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da ya sanya mana gidajenmu wurin natsuwa da suturar iyali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga shehunanmu, ya amfane mu da albarkarsu.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, a cikinmu akwai wanda ya shekara goma ko ashirin yana tara kuɗi jika bisa jika, akwai wanda ya sha ranar Libiya ko Aljeriya ko Abijan, akwai wanda ya sayar da gonar gado ko shanun kiwo, duk don wata rana ya ce wannan ƙofar tawa ce, ya huta da mai gidan haya. Buri ne mai kyau, kuma shari'a ba ta hana shi ba. Sai dai sau da yawa idan ranar ta zo, tambayoyinmu ba su wuce uku ba: nawa ne, ɗaki nawa ne, yana kusa da kwalta? Tambayar da ta fi su nauyi takan zo daga baya, bayan an biya an tare: shin iyalina suna cikin aminci a nan? A kan wannan tambaya nasiharmu ta yau za ta tsaya.

Aminci yana gaba da abinci

Ku duba addu'ar Annabi Ibrahima (A.S) a Suratul Baƙara, aya ta 126, lokacin da ya zaunar da iyalinsa a kwarin Makka. Ya fara da roƙon Allah ya sanya wurin ya zama gari amintacce, daga nan ne ya roƙa wa mutanensa arzikin ƴaƴan itatuwa. A Suratu Ƙuraishi kuma Allah ya tuna musu ni'ima biyu, ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ma'anarsa ita ce, wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne baki ɗaya. Nan ma amincin muhalli aka fara ambata.

Mu masu neman Allah mun fi kowa sanin dalili. Zuciyar da ke cikin firgici ba ta halarto. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a kan rufi duk lokacin da hadari ya haɗu, ko wanda ke tunanin ɗansa ya fita bai san da wa yake zaune ba, zai ja carbinsa har ƙarshe, amma zuciyar tana wani wuri. Saboda haka zaɓen inda za a zauna yana taɓa lazimi, yana taɓa sallar asuba, yana taɓa tarbiyyar yara.

Bincike ba ya warware tawakkali

Wani zai ce, ai Allah ke tsarewa, abin da aka rubuto ba ya kuskure. Gaskiya ne. Amma wanda ya koya mana tawakkali (S.A.W) shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi (S.A.W) ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umarni a kashe ta kafin barci. Ya kuma hana kwana a kan soron da ba shi da kariya a gefensa. Sayyidina Umar (R.A), da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya juya da jama'a daga hanya, ya amsa wa wanda ya yi masa magana cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

To idan an hana mutum kwana ɗaya a soro marar katanga, ina ga zaunar da mata da yara shekara da shekaru a kan hanyar ruwa? Mai gida makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Ka fara tambayar ƙasa kafin ka tambayi gini

Ruwa ba ya manta hanyarsa. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun kakanni, domin ambaliyar Gulbi ta shekarar 1945 ce ta rushe tsohon gari da ke cikin kwari, har aka hau da gari bisa tudu. A Yamai, cikin watan Satumba na 2020, kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'auni, ya karya madatsa, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga. Damina ta 2024 kuwa babu wanda zai manta da ita: a ƙarshen Agusta ruwa mai ƙarfi ya sauka a Maraɗi ya tafi da rayuka da gidaje, a farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe. A faɗin ƙasa an rasa rayuka sama da 300, mutane fiye da miliyan 1 abin ya shafa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Darasin a nan shi ne, garuruwanmu sun faɗaɗa a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, aka yanka filaye a tsoffin tabkuna da bakin ƙoramu da fadamu. Fili a irin wannan wuri yakan yi araha, kuma a watan Maris ko Afrilu ba za ka ga komai ba sai busasshiyar ƙasa mai kyawun gani. Don haka idan da hali, kada ka yanke magana sai ka ga wurin da damina, bayan an ɗauke ruwa mai yawa. Idan ba za ka iya jira ba, ƙasa da bango za su ba ka labari. Duba gindin katangun maƙwabta, ko akwai layin da ruwa ya bari. Duba ko sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku, ko sun jera buhunan rairayi. Duba ko titi ya fi tsakar gida tudu, domin idan haka ne, ruwan titi baƙonka ne kowace shekara. Duba ina magudanar unguwa ta nufa, kuma a buɗe take ko shara ta toshe ta. Sannan ka nemi tsohuwar da ta daɗe a unguwar, ko mai ga-ruwa, ko manomin da ke noma wurin kafin a yanka shi, ka tambaye su ina ruwa ke kwana. Sun fi dillali sanin amsar.

Ka lura kuma da kududdufan da aka haƙa don yin bulon ƙasa. Da rani ramuka ne kawai, da damina su cika, yara su faɗa, sauro ya hayayyafa, zazzaɓin cizon sauro ya zama ɗan gida. Kishiyar ambaliya ma abin dubawa ce: mutumin Damagaram ya san abin da ake nufi da unguwar da pampo ke kwana da kwanaki bai kawo ba, ya san wahalar da ƴan mata ke sha suna fita neman ruwa tun duhun asuba.

Sannan ka shiga cikin gidan

Sabon fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. Ka zo da magini amintacce, wanda ba shi da rabo a cinikin, ka biya shi ladan dubawa. Ginin ƙasa da aka shafe da siminti yakan yi kyau a ido, alhali ruwa na shiga ta tsaga yana cin ƙasar ta ciki, har wata rana bango ya zube gaba ɗaya. A ƙwanƙwasa bango a ji ko ya yi ƙarar kango. A duba tsagar da ta tashi daga gindi ko ta bi kusurwar taga a karkace. A duba itacen rufi ko gara ta ci, a duba indararo ina yake zubarwa. A duba murfin ramin salanga, domin tsohon rami da ƙarfensa ya yi tsatsa ya sha rufta wa da mutane. Idan akwai rijiya, a auna tazararta da salanga, ta gidan da ta maƙwabta, domin masana lafiya suna ba da shawarar kimanin mita 30 tsakaninsu, kuma rijiya marar murfi a gidan yara haɗari ce.

Wayar lantarki ma a kira masaninta. Sirarar waya da aka ɗora wa firji da injin sanyaya ɗaki takan yi zafi a cikin bango, kuma gobarar tsakar dare takan tashi daga irin wannan. Madafa ta zama mai iska, domin gaz ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya yana taruwa a ƙasa yana jiran tartsatsi. Tagogin da aka yi wa ƙarfe saboda ɓarawo, a tabbata akwai wata mafita idan wuta ta tare ƙofa, don kada abin da aka yi don tsaro ya koma kurkuku. Ka tsaya a bakin lungu ka tambayi kanka: motar ƴan kwana-kwana za ta iya shigowa nan? Idan naƙuda ta tashi da ƙarfe 2 na dare a tsakiyar Agusta, ta ina za a fita da mai ciki, kuma minti nawa ne zuwa likita?

Ka ɗaga kai ka duba ko manyan wayoyin lantarki sun ratsa saman gidan. Ka duba ko ana ajiye jarkokin man fetur a jikin katangarka. Fashewar tankar mai kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu na 2019, wadda ta ci rayuka fiye da 50, ta isa ta nuna mana abin da mai ke yi idan ya haɗu da wuta a tsakiyar mutane. Ka je ka ga lakwal ɗin da yaranka za su shiga da hanyar da za su bi. Har yanzu zukata ba su huce ba daga gobarar azuzuwan zana ta 2021, ɗaya a Yamai cikin Afrilu, ɗaya a Maraɗi cikin Nuwamba, inda ƙananan yara suka rasu.

Tsarkin asalin fili

Akwai haɗarin da ido ba ya gani, shi ne gida a kan haƙƙin wani. Sa'idu ɗan Zaidu (R.A) ya ruwaito gargaɗi mai tsanani, cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙasa bakwai ranar ƙiyama. Yau ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku. Ana sayar da gidan gado kafin a raba, babban wa ya karɓi kuɗi, ƴan uwa mata da marayu ba su sani ba. Ana yanka wurin da aka ware don hanya ko makaranta ko maƙabarta.

Saboda haka kada ka wadatu da takardar da aka miƙo maka a mota. Ka kai ta ma'aikatar magajin gari a duba lambar fili da sunan mai shi a cikin rajista. Idan a karkara ne, ka bi ta kwamitin filaye da ake kira COFO da mai gari. Ka gana da mai unguwa. Idan gado ne, ka tabbata an raba, ko dukkan magada sun yarda a gaban shaidu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba, na ya karɓi rabon da aka sayar ya biya mai saye kuɗinsa, don haka wanda ya sayi rabon magaji ɗaya a gidan da ba a raba ba, zai iya wayar gari a waje. A rubuta ciniki, a kafa shaidu, domin Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi umarni da shaida a kan saye da sayarwa. Ɗan uwan zawiya ma a rubuta da shi. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga zumunci bayan masu cinikin sun bar duniya.

Maƙwabci kafin gida

Malamai sun lura da addu'ar Nana Asiya matar Fir'auna a Suratut Tahrim, aya ta 11. Da za ta roƙi gida a Aljanna, sai ta fara ambaton kusanci da Ubangijinta kafin ta ambaci gidan, suka ce ta zaɓi maƙwabci kafin gida. Ya zo a hadisi cewa maƙwabci nagari da yalwataccen muhalli suna cikin jin daɗin mutum a duniya, kuma Annabi (S.A.W) ya koyar da neman tsari daga mugun maƙwabci a wurin zama na dindindin, domin maƙwabcin tafiya yana wucewa. Mutumin nan da ya kashe rai ɗari, da ya tuba, malamin da ya ba shi fatawa ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin bayin Allah. Mu da muka san tasirin suhuba a tarbiyya bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Ɗanka zai yi awa ɗaya a gabanka, ya yi awa biyar a ƙofar gida. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Yadda za ka san unguwa shi ne ka ziyarce ta a lokuta daban-daban. Ka yi sallar asuba a masallacinta, ka ga sahu nawa ne, kuma akwai matasa a ciki ko tsofaffi ne kaɗai. Ka zo da la'asar ka ji abin da ke fitowa daga bakin yara a wurin wasa. Ka dawo bayan isha'i ka zauna wurin mai shayi, ka ga wa ke riƙe da lungu idan dare ya yi, fadar samari ta hira ce da taimakon juna ko ta ƙwaya ce da faɗa, akwai haske ko duhu ne, mace za ta iya fita sayen magani ba tare da tsoro ba. Ka tambaya idan an yi rasuwa ko gobara ko ihun ɓarawo, mutane suna fitowa ko kowa yana rufe ƙofarsa. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'aunin tsaron unguwa, fiye da tsawon katanga da wayar ƙaya.

A yi wannan bincike da ladabi. Tambaya don maslaha halal ce, kuma wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, ya faɗi abin da ya sani gwargwadon buƙata, kada ya ƙara gishiri, kada ya mayar da ita dandalin cin naman mutane. Kada kuma mu auna unguwa da talaucinta. Akwai unguwar talakawa da yaro ba zai yi kuka sau biyu ba a leƙo, akwai unguwar manyan gidaje da mutum zai rasu ya kwana uku ba a sani ba. A kowane lungu akwai bayin Allah da ya ɓoye, kuma raina mutane saboda sunan unguwarsu girman kai ne.

Game da nisan zawiya, abu ne mai kyau ɗan uwa ya duba ko zai iya samun wazifa cikin jama'a da zikirin Juma'a ba tare da wahala ba. Amma kada wannan ya sa ka zaunar da iyali a wuri mai haɗari. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (S.A.W), sai ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu ladan sawunsu. Tafiyarka zuwa zawiya lada ce. Kuma zawiyoyi da yawa da muke gani yau sun faro ne daga tabarma ɗaya a ƙofar gidan wani da ya tare a sabuwar unguwa.

Ga mai sayarwa da dillali

Ɗan uwa mai sayar da gida, ka ji tsoron Allah. Uƙubatu ɗan Amir (R.A) ya ruwaito cewa bai halatta ga musulmi ya sayar wa ɗan uwansa abu mai aibi ba face ya bayyana masa. Idan ka san ruwa yana shiga ɗaki, ko bango ya tsage ka liƙe, ko akwai shari'a a kan iyaka, faɗinsa wajibi ne. A fiƙihu mai saye yana da haƙƙi idan tsohon aibi da aka ɓoye ya bayyana, amma ka yi tunanin abin da alƙali ba zai iya mayarwa ba. Idan bangon da ka shafa wa fenti ya faɗa kan yaro yana barci, da wane baki za ka yi istigfarin wuridi? Kai ma dillali, kamashon da aka samu da ɓoye gaskiya ba ya albarka. Gara a rage farashi a faɗi aibi.

Ga wanda ba shi da zaɓi

Mun sani akwai ƴan uwa da ƙarfinsu bai kai ga tudu ba, talauci ne ya saukar da su kwari. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ka yi abin da ke hannunka: ka ɗaga gindin gini da dutse ko siminti, ka yaɓe bango kafin damina, ku haɗu da maƙwabta ku yashe magudana tun watan Mayu, kada ku kwana a ɗakin da ya jiƙe ya fara tsagewa, kuma idan hukuma ta ce a tashi saboda ruwa, a tashi, domin rai ya fi kaya. Da sanyi kada a rufe ɗaki da garwashi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Kowa a gida ya haddace lamba 18 ta ƴan kwana-kwana da 17 ta ƴan sanda. Masu hali a cikinmu kuwa, taimaka wa ɗan uwa ya gyara gininsa kafin ya faɗi ya fi kai masa buhun hatsi bayan ya faɗi, duk da dukansu alheri ne.

Bayan bincike da shawara, ka yi sallar istihara raka'a biyu kamar yadda Jabir (R.A) ya ruwaito, ka miƙa zaɓi ga Wanda ya san abin da ke ɓoye. Kada ka bari dillali ya ruɗe ka da cewa wani na zuwa da kuɗi gobe. Abin da yake rabonka ba zai wuce ka ba. Idan ka tare, ka karanta addu'ar sauka a masauki da Haulatu ƴar Hakim ta ruwaito, ka raya gidan da karatun Suratul Baƙara da nafila da salatin Annabi.

Daga ranar kuma tambaya ta juyo kanka. Kai ne yanzu maƙwabcin da wasu ke addu'ar Allah ya sa nagari ne. Annabi (S.A.W) ya yi rantsuwa sau uku a kan rashin cikar imanin wanda maƙwabcinsa bai amintu daga sharrinsa ba. Kada ka juya indararonka cikin gidan wani, kada ka ci hanya da gini, kada ka toshe magudana don ka tsare ƙofarka ruwa ya koma wa talakan da ke ƙasa da kai, kada ka buɗe tagar bene tana leƙen tsakar gidan mutane. Ka san sunan na dama da na hagu, ka gaishe su, ka duba marar lafiyarsu, ka tsawata wa yaransu da tausayi kamar naka.

Ya Allah, ka amintar da mu a garuruwanmu da gidajenmu. Ka tsare mu daga ambaliya da gobara da rushewa da sharrin mai sharri. Ka ba marar muhalli muhalli na halal, ka haɗa mu da maƙwabta nagari, ka sa mu zama nagari gare su. Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya da sauran ƙasashen musulmi. Ka yalwata mana kabarinmu ranar da za a fitar da mu daga waɗannan gidaje, ka sanya mu maƙwabtan Masoyinka (S.A.W) a Aljannar Firdausi, mu da iyayenmu da shehunanmu da dukkan musulmi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.